Allon Saukar Dada

Gembu,
farkon Rajab.

Zuwa ga Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da Zubaida da yara. Mu nan sai godiya, in ban da sanyin dutsen nan da ya hana mu sakat. Gwaggonka Dada tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, idon ne dai yake ƙara ja baya.

Ka ga wasiƙa ka yi mamaki ko? Kai ka jawo. Na kira wayarka har na gaji, kullum a kashe. Da na samu Zubaida sai ta ce masu kawo maka aiki ne suka matsa maka, ka kashe ta ka jefa cikin kwalin fenti. Wato ka yi arzikin da har taubashiyarka sai ta biyo layi. Shi ya sa na ba Jalo direba, mai kai ayaba da fiya Bauchi, tunda ya san shagonka. In zai juyo ka ba shi amsa.

Ga magana. Dada ta shiga Baƙara. Ka san tun da ta dawo wurina take zuwa makarantar matan aure ta unguwarmu, ita ce tsohuwar ajin. Yanzu da kunne take karatun fiye da ido, Malama ta biya, ita ta maimaita har ya zauna. An sa walimar sauka ƙarshen Sha'aban, kafin a shiga azumi.

Na tambaye ta me take so, atamfa ko sabuwar darduma. Ta ce ita allo take so, na zayyana, zubin babanka Kawu Bashir, kuma da hannunka. Ta ce tana yarinya ita ke daka wa babanka ƙaro in zai haɗa tawada, ita ke sa yatsa ta shafa allo ta ce masa ya bushe ko da saura. Ta shafa allunan yaran gari da yawa, amma nata karatun ya tsaya a hanya, don uwarsu ta rasu ta bar mata ƙanne. Ka san labarin ragowar, tunda kai ma a bayanta ka girma.

Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne a wurinka. Kada ka kunyata ni.

Taubashiyarka,
Salma.

*

Tirwun, Bauchi,
tsakiyar Rajab.

Zuwa ga baiwata Salma,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, har da fiyar da kika haɗo, yara sun gama da ita kafin in dawo gida. Duk muna lafiya. Ki durƙusa ki gaishe mini da Dada, ki ce na ji labarin Baƙara har na ajiye alƙalami na yi hamdala. Allah Ya sa albarka, Ya nuna mana ranar.

Kin ce arziki. Salma, in wannan ne arziki, to ki zo ki ɗauka, na bar miki.

Bari in gaya miki yadda sana'ar nan take, don ku ma'aikatan asibiti wata na ƙarewa wayarku ke ƙara. Makarantun Islamiyyar Bauchi kamar sun haɗa baki, kowa sai ya sa walimarsa a Rajab da Sha'aban. Sauran watannin shekara ni da ƙuda muke gadin shago. To in waɗannan watanni biyu suka zo, wa zan ce wa a'a? Duk wanda ya leƙo, ina ganinsa nake ganin buhun masarar damina. Sai in ce to. Ya ba da kafin alƙalami, in sa a aljihu, kafin in isa Tirwun an sayi sabulu an biya na makaranta. Ranar da zan je wurin kafinta ɗauko alluna, kuɗin sun daɗe da zama tuwo, katako kuma ya ƙara tsada. Sai in karɓi na wani in yi aikin wani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa kutarena sun cika layi.

Yanzu haka akwai wata makaranta a Gwallameji da ta ba ni alluna sama da arba'in. Akwai matar wani hafsan soja a Shadawanka, 'yarta ɗaya ce, amma ta fi makarantar nan cin rai. Zuwa take ta zauna a kan bencina ta sa mini ido, in na ja kore ta ce ja take so, in na ja ja ta ce ƙawarta ta ce ya yi yawa. Akwai kuma ƙananan ayyuka na mutanen unguwa, waɗanda ba sa ciniki sai dai su ce, “Ai kai namu ne.”

Wuyan hannuna na dama yana mini zugi, in na tashi da safe sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin yatsun su yarda su riƙe alƙalami. Shekaranjiya barci ya ɗauke ni a keke, mai keken ya wuce da ni har bayan gari, da na farka kuma ya ce sai na biya kuɗin dawowa. Zubaida ta ce yaranmu ƙeyata suka sani, don kullum a sunkuye suke ganina. Abin da ya fi damuna shi ne na daina jin daɗin aikin. Da, in na rufe da'ira ta haɗu daidai, har murmushi nake yi ni kaɗai. Yanzu in na gama allo, na gaba kawai nake kallo.

Zubin Baba kuwa, na yi shekaru ban yi shi ba. Dagi ne cikin da'ira, da'ira cikin dagi, ga tawada mai kauri da sai ta sha iska kafin a ɗora wata. Yana cin lokacin alluna uku. Wani tsohon allonsa na nan rataye a shago, shi kaɗai ya rage.

Amma na Dada ne. Ko da haƙori zan riƙe alƙalamin sai na yi. Na ware katako mai kyau na jingine a bayan ƙofa, da na rage na mutane zan hau kansa.

Ubangidanki,
Mijinyawa.

*

Gembu,
ƙarshen Rajab.

Zuwa ga ubangidan da ke barci a keke,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Dada ta wuce Ayatul Kursiyyu da nisa, har ta fara yi wa 'yan ajinsu gyara. Ina fatan hannun ya yi sauƙi. Ka daina jiƙa shi kawai, ka je a duba, ni ce ma'aikaciyar jinya ba kai ba.

Wasiƙarka ta ba ni dariya, daga baya ta ba ni haushi. Mijinyawa, kai ba injin niƙa ba ne. Tunda ba ka nemi shawara ba, ga ta kyauta.

Kafin alƙalami ba naka ba ne sai ka gama aiki. Ranar da aka ba ka, ka wuce wurin kafinta kafin ka wuce gida. Masu “ai kai namu ne” kuwa, ka ce musu mai sayar da fenti ba namu ba ne. Sannan ka ware rana ɗaya a mako ka rufe shagon, ko Juma'a ce, duniya ba za ta tashi ba.

Babbar maganar ita ce wannan. A nan na ga allunan sauka da aka buga zanensu a inji aka manna a katako, yaran suna ta murna, iyaye suna ɗaukar hoto, ba wanda ya ce uffan. Me zai hana ka zana ɗaya da hannunka, ka kai wa masu buga takardu su fitar maka da yawa? Ba kowane allo ne sai ya ci wuyan hannunka ba. Ka raba aikin gida biyu, wanda ya cancanci hannunka da wanda inji ya ishe shi. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma arba'in ka cusa a baki.

Ka san duk wasiƙar da ta zo sai na karanta wa Dada. Da na zo wurin ciwon hannun sai ta ce in sake karantawa. Da na gama ta ce in rubuta maka haka, kuma ga shi yadda ta faɗa: “Ki ce kada ya wahalar da kansa saboda ni. Ya ji da na mutane, su suka biya. Ni tsohuwa ce, ko wane iri aka kawo mini ya isa, ko babu ma Allah Ya ga karatun.”

Ka dai san Dada.

Jalo ya ce zai sake zagayowa cikin Sha'aban, ka ba shi allon a naɗe da kyau, hanyar nan ba ta da tausayi.

Salma.

*

Tirwun, Bauchi,
bayan tsakiyar Sha'aban.

Salma,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeren rubutu, Jalo yana tsaye a kaina, motarsa ta sha gyara ta makara, yana so ya kama hanya.

Shawararki ta yi rana. Na kai zane wurin masu inji, sun fitar mini da na ƙananan ayyuka, mutanen unguwa ba su ma lura ba. Amma makarantar Gwallameji ta ce ita da hannu muka yi da ita, kuma sun biya kuɗin hannu, don haka dole na zauna na yi su ɗaya bayan ɗaya. Matar sojan ma haka, sau biyu ina goge nata. Asibiti ban je ba. Juma'ar da kika ce in rufe, a ranar ne ma aka fi zuwa.

Katakon Dada yana nan a bayan ƙofa har jiya, kullum in ce gobe. Da na ga goben ta ƙare, sai na tuna maganarta da kika rubuto, wallahi ta sauke mini dutse daga ƙirji. Allah Ya saka mata, ita kaɗai ce a duk masu jirana ta ce in huta. Na sauko da tsohon allon Baba, na kai aka ɗauki hotonsa, aka gyara launin, aka buga a takarda mai sheƙi. Na manna da kaina, na naɗe mariƙin da jar fata. Zubin Baba ne sak, har ya fi na asalin haske. Na gwada wa Zubaida daga nesa ba ta bambance ba, balle Dada da idon ya yi rauni.

Ba zan samu zuwa walima ba, ranar ta haɗu da ta Gwallameji, kuma sai an ga allo ake cika mini kuɗi. Ki ɗauko mini hoto.

Mijinyawa.

*

Gembu,
daren farko na azumi bai zo ba tukuna, ana dai duban wata.

Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi walima lafiya, an ci an sha, Dada ta karanta farkon Baƙara a gaban mutane, muryarta ba ta yi rawa ba sai a ƙarshe. Ni ce na yi kukan.

Jalo ya iso ana gobe walima. Na buɗe wasiƙarka a tsakar gida, Dada na zaune a gefena tana jira. Na karanta mata gaisuwa, da na hango abin da ke tafe sai na tsallake na ce ka ce a ɗauko maka hoto. Ban taɓa tsallake mata layi ba sai ranar.

Kai Mijinyawa! Yau ka fara sanin Dada? Matar da in kana cin abinci a gabanta tana jin yunwa za ta rantse ta ƙoshi? Matar da ta yi wata guda tana ɗingishi kafin ta yarda ƙafarta na ciwo? Kara ta yi maka. Cewa ta yi kada ka wahala don ka ce a'a Dada, wahalarki ai hutu ce. Haka ake yi, haka ka ga ana yi tun kana goye. Na rubuta maka “ka dai san Dada” ina zaton ya ishe ka. Ni ma da laifina, ni na kawo maganar inji, na ce ka raba aikin gida biyu. Ban san da ma'aunin wanda ya biya za ka raba ba.

Na kwance allon na miƙa mata. Gaskiyarka, yana da kyau, maƙwabta har suna cewa ba su taɓa ganin irinsa ba. Ita kuwa ba ta kai shi kusa da ido ba ma. Ɗora shi ta yi a cinya, ta sa yatsa a kan dagin tsakiya, ta bi shi a hankali, ta dawo ta sake bi. Ka san tawadar Kawu tana tashi a kan allo, ana jin kowane layi. Wannan kuwa sumul yake kamar faranti. Ta daɗe tana shafawa. Sai ta ce, “Ma sha Allahu. Allah Ya yi masa albarka.” Ta riƙe shi a walima, an yi hotuna.

Na ɗauka shi ke nan. Jiya bayan la'asar ina tsince shinkafa ta kira ni ɗaki, ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, “Salma, ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Hannun yaron nan ya mutu ne?”

Na ce wace irin mutuwa kuma, Dada?

Ta ce, “Allon nan ba alƙalami a jikinsa. Haka na Bashir ya fara, zugi a wuyan hannu, daga nan rawa, daga nan ko cokali sai an riƙe masa. Mijinyawa ba zai aiko mini da wannan ba in yana iya riƙe alƙalami. Ɓoye mini kuke yi. Na ji inda kika yi tsalle a wasiƙar.”

Ka ji. Ko kusa ba ta kawo a ranta cewa ka yi wa wasu da hannu ka bar ta ba. Wannan lissafin bai shiga kanta ba sam. Tun jiya ba ta ci abin kirki ba. Ta sa an kira mai sayen dabbobi ya zo ya duba tunkiyarta, wai a kai ka babban asibiti. Ta ce in nema mata wuri a motar Jalo, ita da ko zuwa kasuwa sai an riƙe ta. Kwalbar zuma da man shafawar da ke cikin ledar nan ita ta haɗa, ta tofa musu addu'a, ta ce ka riƙa shafawa safe da yamma.

To ka faɗa mini abin da zan ce mata. In na ce hannunka ya lalace, na yi ƙarya, kuma za ta shiga azumi da kuka. In na ce lafiyarsa ƙalau, ka san abin da na gaya mata ke nan. Na hana mai tunkiya dawowa, na ce mata sai amsarka ta zo. Ni na gaji, ban iya wannan ba.

Salma.

*

Tirwun, Bauchi,
makon farko na azumi.

Zuwa ga Salma,

Wa alaikumus salam. Ya ibada? Muna lafiya, yara suna gaishe da Dada, Zubaida na gaishe ku.

Wasiƙarki ta same ni a shago, ba kowa, don walima ta ƙare, mun koma ni da ƙudajena. An cika mini kuɗin Gwallameji. Na biya kafinta, na biya mai fenti, na sayi gero da sukari na azumi, abin da ya rage ba zai kai mu Sallah ba. Wata biyu ban ga hasken rana sosai ba, ga abin da na tsira da shi. Ina cikin wannan tunanin Jalo ya miƙo mini ledar zuma.

Na karanta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Na kai wa Zubaida. Da ta gama sai ta ce, “Ai na bambance ranar. Na ga yadda ka gaji ne na yi shiru.” Ashe kowa kara yake mini, ni kuma ina karɓa ina sawa a aljihu kamar kafin alƙalami.

Ba zan ce ban san Dada ba. Na san ta. Gajiya ce ta sa na ji abin da nake so in ji. Duk wanda ya ɗaga mini murya na ba shi hannuna, ita da ta yi ƙasa da tata na ba ta inji. Matar soja ta samu zane har sau uku, kuma na ji an ce allon yana bayan kabad.

Na je asibiti, kin ci nasara. Sun ce ba irin na Baba ba ne, jijiya ce ta gaji, sun ba ni abin ɗaurewa sun ce in huta. Mai makarantar Gwallameji ya aiko wai akwai wani rukunin bayan Sallah, in zo in karɓi kafin alƙalami tun yanzu. Salma, kuɗin nan ina bukatarsu kamar ruwan buɗa-baki. Na ce masa rabi zan iya da hannu, kuma ba a tsohon farashi ba. Ya ce zai nemi wani. Wataƙila ya dawo, wataƙila na rasa shi ke nan. Ban san yadda za mu yi da kayan Sallar yara ba, Zubaida ta ce na bara bai tsufa ba.

Walima ba ta dawowa, na sani. Hoton da aka yi an yi shi da wancan allon, haka zai zauna. Amma na karɓo sabon katako wurin kafinta, na kankare shi na goge. Ba zan zana shi a nan in aiko ba. Na yi magana da Jalo, zan biyo shi a wannan zuwan da kayan aikina, in zauna a tsakar gidanku in yi shi a gabanta, ko zai ci azumin duka. Shago ya jira, dama ba mai zuwa.

Kada a taɓa tunkiya. Kada kuma ki yi mata ƙarya, kin tsallake sau ɗaya saboda ni, ya isa. Wannan ki karanta mata duka, har inda ba daɗi.

Dada, ina gaisuwa, na durƙusa. Hannuna bai mutu ba. Lafiyarsa ƙalau, da shi na yi wa mutane sama da arba'in aiki a watan da na aiko miki da na inji. Sauran maganar da bakina zan yi ta, in kin yarda kin saurare ni. Na shafa man, na sha zumar.

Zan taho da ƙaro ɗanye, ban daka ba. Na manta kaurin da Baba yake so, kuma ba wanda ya rage da ya sani sai ke.

Ɗanki,
Mijinyawa.